Ta yaya ake gane ainihin darajar ɗan wasa a kulob, banda abin da muke gani ranar wasa?

Ɗan_Gefe7:

Assalamu alaikum 'yan uwa masoya tamaula. Akwai wata magana da ta tsaya min a rai tun ƙarshen kakar 2024/25, mun yi ta musu da wani abokina har murya ta dishe kuma har yau ba wanda ya gamsar da wani, shi ne na ce bari in kawo ta gaban waɗanda suka fi ni sanin harkar.

Mbappé ya bar PSG ya koma Real Madrid a 2024. A kakarsa ta farko ya ci ƙwallo 31 a La Liga, ya ɗauki takalmin zinare na Turai, in dai lissafin ƙwallo ne ba abin da za ka ce bai yi ba. Amma Madrid ba ta ci lig ba, Arsenal ta yi waje da ita a Kofin Zakarun Turai, ita kuwa PSG ɗin da ya bari, wadda kowa ke cewa ta rasa babban ɗan wasanta, ta je Munich ta zuba wa Inter 5-0 ta ɗaga kofin da ta daɗe tana nema. Abokina ya ce ba laifin Mbappé ba ne, aikinsa cin ƙwallo kuma ya ci. Ni kuma na ce to in haka ne me ya sa inda ya bari aka ci gaba, inda ya je aka koma baya?

Sannan ga Giroud a Kofin Duniya na 2018, lamba tara ne, wato ɗan gaba mai cin ƙwallo, amma bai ci ko ɗaya ba har aka gama gasar, kuma koci bai cire shi ba, Faransa ta ɗauki kofi. Me kocin yake gani wanda mu ba mu gani? Tambayata kenan, banda ƙwallayen da mutum ya ci da yankan da yake yi muna ihu, da me ake auna amfaninsa a ƙungiya? Don Allah wanda ya sani ya warware min.

Lamba_Shida:

Wa alaikumus salam ɗan uwa. Ni ma'aunina guda ɗaya ne, cire mutum ka ga abin da zai faru. Ranar da yake fili ba lallai ka san amfaninsa ba, sai ranar da babu shi.

Ɗauki Makélélé. Yana Madrid suka ci Kofin Zakarun Turai a 2002, suka ci lig a 2003, a shekarar ne aka sayar da shi wa Chelsea aka kawo Beckham. Ka duba mutanen da suka rage, Zidane, Figo, Ronaldo, Raúl, Roberto Carlos, duk suna nan ba wanda ya tafi, amma Madrid ba ta sake ganin kofin lig ba sai 2007. Shi kuwa wanda aka raina ɗin ya je Chelsea suka ci Firimiya sau biyu a jere, 2005 da 2006. Mutumin da kusan bai cin ƙwallo fa. Aikinsa ya tsaya gaban 'yan baya ya tare, ya ƙwace, ya miƙa wa na kusa da shi, shi kenan. Kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi, shi yake shan wahalar su suke shan tafin.

Haka Kanté. Leicester ta ci Firimiya a 2016 da maki 81, ya tafi Chelsea, kaka mai zuwa Leicester ta ƙare ta 12 har aka sallami Ranieri, Chelsea da ta ƙare ta 10 ta zama zakara da maki 93. Haka Rodri na Man City, ya samu rauni a gwiwa a wasansu da Arsenal a Satumbar 2024, ba a jima ba City ta sha kashi sau biyar a jere, abin da ba mu taɓa gani ba a hannun Guardiola, alhali Haaland yana nan yana buga wasa.

Kuma in kana so ka gani da idonka ga abin da nake yi. Ka zaɓi ɗan wasa ɗaya, ka daina bin ƙwallo da ido na minti goma, shi kaɗai za ka kalla. Da wuya a talabijin saboda kyamara ƙwallo take bi, amma in an ɗauko fili daga nesa ana gani. Za ka ga lamba shida na kirki, wato ɗan tsakiya mai tsayawa gaban 'yan baya, yana waiwaye sau biyu sau uku kafin ƙwallo ta iso shi, ka ga ya matsa taku huɗu hagu ba tare da ya taɓa komai ba, sai ɗan tsakiyar abokan hamayya ya ɗaga kai zai ba da fasin gaba ya ga hanya a toshe, dole ya mayar da ita baya. Wannan taku huɗun ba ya shiga lissafin kowa, ba ci ba ne, ba ƙwace ba ne, amma hari guda ya mutu tun bai fara ba. Giroud ɗin da ka ambata ma haka ne, yana riƙe 'yan baya biyu da jikinsa, yana tsalle ya sauke dogayen ƙwallaye, filin da Griezmann da Mbappé suke gudu a ciki shi yake buɗe musu.

Kocin_Yara:

Lamba_Shida ya yi magana mai kyau amma shi ma har yanzu yana cikin fili ne ranar wasa. Ni bari in fito da ku waje gaba ɗaya, saboda na shafe shekaru ina horar da yara a ƙaramar ƙungiya, kuma abin da na koya shi ne wasa minti 90 ne a sati, sauran kwana biyar ko shida na tirenin ne, kuma a can ake gina ƙungiya ko a rusa ta.

Ina da wani yaro shekarun baya, ɗan baya ne, ba shi da gudu, ba shi da yanka, a benci yake yawanci. Amma kullum shi ne na farko a fili, kafin in iso ya jera kon ya hura ƙwallaye, in sabon yaro ya zo yana rakuɓe-rakuɓe a gefe shi zai ja shi su yi fasin tare har ya saki jiki. In muka raba su biyu a tirenin, ɓangaren da yake ciki ba a wasa da aiki, saboda shi da gaske yake bugawa kamar wasan ƙarshe, ɗan gabanmu da ya fi kowa iyawa sai ya haɗa gumi kafin ya wuce shi. A lokacin ina da wani kuma, wallahi ƙafarsa ta hagu abin kallo ce, shi yake ci mana yawancin ƙwallaye, amma sai an yi rabin awa da farawa zai shigo yana jan ƙafa, in aka canza shi a wasa ya cire riga ya yar. Na yi ta haƙuri saboda ƙwallayen. Abin da ya farkar da ni, wata rana na ƙirga yaran da suka zo a makare, su shida, duk waɗanda da ba sa makara. Sun ga ana ƙyale shi ne. Da shi na farkon ya bar mu saboda karatu kuwa, ba a yi wata guda ba tirenin ɗinmu ya koma kamar wasan yamma, har yau ina jin zafin rashin yaron nan fiye da na wasu da suka ci min ƙwallo goma.

To manyan kulob ma haka suke, kuɗin ne kawai ya bambanta. Ka tambayi kanka me ya sa Man City ta riƙe Scott Carson daga 2019 har 2025 alhali wasa biyu kacal ya buga musu. Gola na uku ne, aikinsa ya tsaya a raga bayan an tashi tirenin 'yan gaba su yi ta dukan ƙwallo har su gaji, ya kwantar wa Ederson, golansu na farko a lokacin, hankali, ya zama babba a ɗakin canza kaya. Guardiola ba sadaka yake yi da gurbi ba.

Ga Pepe Reina, golan Liverpool da ke bencin Sifaniya a Kofin Duniya na 2010, ko minti ɗaya bai buga ba. A wasan kwata fainal da Paraguay ana 0-0 aka ba Paraguay fenariti, Cardozo zai buga. Reina ya san shi, don a shekarar Cardozo ya ci shi fenariti a wasan Benfica da Liverpool, Reinan ne ya ba Casillas, golan Sifaniya da ke raga, shawarar inda zai faɗi, Casillas ya kama, kuma da bakinsa ya yaba wa Reina bayan wasa. Sifaniya ta ci 1-0 ta wuce har ta ɗauki kofi. In ka buɗe lissafin gasar ba za ka ga komai a gaban sunan Reina ba.

Ahmed Musa ma a Kofin Afirka da aka yi a Kodebuwa a farkon 2024, yana cikin tawaga a matsayin kyaftin, bai taka fili ba har aka je fainal, mutane suna ta surutu me ya je yi. Ni dai a matsayina na koci na san abin da ake nufi da a ce akwai babba a sansani wanda yara ke jin nauyinsa, wanda in rigimar alawus ta taso ko wani ya yi fushi an ajiye shi a benci zai shiga ɗakinsa ya rufe ƙofa su yi magana. Wata guda maza sama da ashirin a otal ɗaya ba ƙaramin abu ba ne.

Sai Milner, wanda Liverpool ta ɗauka kyauta a 2015. Koci ya ce koma lamba uku, wato ɗan bayan hagu, ya koma ya yi kaka guda cur a can ba ƙorafi, ya dawo tsakiya ya ba da ƙwallo 9 aka ci a Kofin Zakarun Turai na 2017/18. Irin wannan mutum ɗaya ne amma gurbi uku yake toshe maka.

Mai_Lissafi:

Koc Allah ya saka da alheri, labarin yaron nan ya taɓa ni. Ni ta ɓangaren kuɗi zan shigo don masu kulob da wannan idon suke kallo.

Abu na farko da mutane ke mantawa, wasa nawa mutum zai iya buga maka a kaka. Hazard ya je Madrid a 2019 a kan kusan yuro miliyan 100, lokacin ba wanda zai yi musun iyawarsa, amma a shekara huɗu wasa 76 ya buga ya ci 7, rauni ya cinye shi. Albashi kuwa ba ya tsayawa don kana ɗakin likita. Shi ya sa kafin a sa hannu ake kwana ana duba gwiwa da idon sawu da tarihin raunin mutum, kuma yanzu a tirenin ma akwai 'yar rigar nan da suke sawa a ƙirji mai na'ura a baya, tana ƙirga nisan da kowa ya gudu da sau nawa ya fita a guje, ba ka isa ka ɓuya a bayan wasu ba.

Na biyu shekaru da kwantiragi. Ɗan shekara 21 mai sauran shekara huɗu a kwantiragi kadara ce, ɗan shekara 30 mai sauran shekara ɗaya ko ya fi shi iyawa kuɗinsa ya zube, don tun hukuncin Bosman na 1995 in kwantiragi ya ƙare mutum tafiyarsa zai yi ba a biya ka ko sisi. Brighton ta ɗauko Caicedo daga Ekwado a 2021 da kuɗin da bai kai fam miliyan 5 ba, ta sayar wa Chelsea a 2023 a kan fam miliyan 115.

Akwai kuma yadda ake rubuta kuɗin a littafi. In ka sayi ɗan wasa miliyan 100 da kwantiragin shekara biyar, miliyan 20 ake rubutawa duk shekara. Dalilin da ya sa Chelsea ta ba Enzo Fernández shekara takwas da rabi kenan a Janairun 2023, har UEFA ta fito da doka a shekarar cewa ba za a raba kuɗin ya wuce shekara biyar ba. Shi kuwa yaron da ya taso a makarantar kulob ba a saye shi ba, duk abin da aka sayar da shi riba ce zalla, shi ya sa za ka ga an sayar da irin su Mason Mount da Gallagher magoya baya suna kuka. Sannan a Firimiya cikin mutum 25 da za ka yi wa rajista ba za su wuce 17 ba waɗanda ba a Ingila ko Wales suka taso ba, to ka ga Carson ɗin Koc ma lokacin da yake City yana da wannan amfanin, yana cike gurbin 'yan gida.

Maganar cewa kuɗin jesi kaɗai zai biya kuɗin ɗan wasa kuwa ku daina yarda. Kamfanin da ya ɗinka jesin shi ke kwashe mafi yawa, kulob kaso kaɗan take samu a kan kowace riga, babban kuɗinta yana cikin yarjejeniyar da suka riga suka ƙulla. Inda suna ke aiki da gaske shi ne masu talla da tikiti, kamar yadda zuwan Messi Inter Miami a 2023 ya sa duniya ta juyo tana kallon lig ɗin Amurka.

Sai_Raga:

Ni fa ban yarda da ku gaba ɗaya ba, kuna so ku mayar da cin ƙwallo kamar ba komai ba alhali shi ne abu mafi wuya a wasan nan. Masu gudu da masu biyayya suna da yawa, mai ci maka 25 duk kaka su nawa ne a duniya?

Kuma Lamba_Shida wannan ma'aunin naka na cire mutum ka gani yana da matsala, don ba a taɓa cire mutum ɗaya kawai komai ya tsaya yadda yake. Chelsea ta 2016/17 ba Kanté kaɗai ya zo ba, Conte ya zo, ya koma 'yan baya uku, kuma ba sa buga gasar Turai a shekarar suna hutawa duk sati. Liverpool da Van Dijk ya ji rauni a Oktoban 2020 suka yi rashin nasara shida a jere a Anfield, kowa ya ce Van Dijk ne, amma ai Gomez da Matip ma sun kwanta, har 'yan tsakiya aka dinga mayarwa baya. Madrid ɗin da mai tambaya ya kawo, Kroos ya yi ritaya a 2024, Carvajal da Militão duk gwiwa ta tafi kafin ƙarshen shekara, sai a ɗauki duk wannan a ɗora wa wanda ya ci 31?

Maganar ɗa'a ma tana da farashi. Arteta ya karɓe kyaftin daga hannun Aubameyang a Disambar 2021, ya bar shi ya tafi Barcelona kyauta, an yi ta yabo, amma Arsenal ta ƙare ta biyar a kakar, maki biyu tsakaninta da Tottenham, ta rasa gurbin Zakarun Turai. Da akwai mai ci mata ko ƙwallo huɗu a watan Afrilu da labari ya canza.

Lamba_Shida:

Sai_Raga gaskiyarka a kan cewa ba a cire mutum ɗaya shi kaɗai, na karɓa, shi ya sa kaka ɗaya ba ta isa hujja ba sai abu ya maimaita kansa. Amma Kanté ai ƙungiya biyu daban, koci biyu daban, tsari biyu daban, kofi biyu a jere, sannan ya ƙara da Kofin Duniya a 2018, ruwa ba ya tsami banza.

Kuma ba wanda ya ce ci ba komai ba ne. Tambayar ita ce nawa ƙungiya take biya kafin ka ci ɗin. Ronaldo ya dawo Man United a 2021 ya ci 24 a duk gasa, wasanni da yawa shi ya cece su wannan ba musu, amma ƙungiyar da ta ƙare ta biyu kafin ya zo ta koma ta shida da maki 58. In na gaba bai matsa wa 'yan bayan abokan hamayya ba, su suna fitowa da ƙwallo cikin kwanciyar hankali, 'yan tsakiyarka biyu suna fuskantar mutum uku, gudun da bai yi ba wani ne zai yi masa. Ka kwatanta da Firmino a kakar da Liverpool ta ci lig da maki 99, ƙwallo 9 kawai ya ci, a Anfield ma bai ci a lig ba sai wasansu na ƙarshe a gida da Chelsea, amma shi ne yake fara farautar ƙwallo daga gaba, yana saukowa tsakiya ya janyo ɗan baya Salah da Mané su faɗa ramin da ya bari. PSG bayan Mbappé abin da ya canza kenan, mutum goma sha ɗaya suna gudu in an rasa ƙwallo, har Dembélé da yake gaba shi ne yake fara kai wa gola farmaki. Arsenal ɗinka kuma ka ƙarasa labarin, kaka mai zuwa ta biyu suka ƙare.

Ɗan_Gefe7:

Kai na gode ƙwarai, wallahi na ƙaru, har da Sai_Raga don ya tuna min da Kroos wanda ni da abokina duk ba mu kawo shi a musunmu ba. Amma Koc ga inda na maƙale, ku kuna ganin tirenin da ɗakin canza kaya, mu 'yan kallo ba mu da hanyar shiga can. Akwai alamar da za mu iya gani daga waje mu gane wane ne irin yaron nan naka a babban kulob?

Kocin_Yara:

Akwai ƙanena, kuma ba ta ɓuya. Ka lura da daƙiƙa talatin ɗin da ke biyo bayan an zura musu ƙwallo, kyamara takan nuna fuskoki. Wasu za su sunkuyar da kai, wasu su ɗaga hannu suna neman wanda za su ɗora wa laifi, akwai ɗaya da zai je ya ɗauko ƙwallon daga raga ko ya dafa kan wanda ya yi kuskuren yana masa magana a kunne. In an tsaya shan ruwa ko wani ya faɗi ana duba shi, ka ga wa koci yake kira gefen layi ya ba shi saƙo, ba kullum mai kambun kyaftin ba ne.

Sannan ka duba wanda koci bayan koci suke sawa. Mikel Obi ya yi Chelsea daga 2006 zuwa 2017, ƙwallo 6 kacal ya ci musu, magoya baya sun sha cewa fasin gefe kawai ya iya, amma Mourinho, Hiddink, Ancelotti, Di Matteo duk sun yi aiki da shi, kuma a fainal ɗin 2012 da Bayern a Munich shi ya tsaya a tsakiya minti 120. Park Ji-sung ma ba kowane sati Ferguson ke sa shi ba, amma da aka zo wasan AC Milan a 2010 shi aka ɗora wa Pirlo ya bi shi duk inda ya sa ƙafa, United ta ci gida da waje. In ka ga mutum ba ya buga ƙananan wasanni amma ranar babban wasa sunansa na cikin sha ɗayan farko, ka sa masa ido a wannan wasan kamar yadda Lamba_Shida ya ce, minti goma kar ka kalli ƙwallo, sai ka dawo ka gaya mana abin da ka gani.